Shekara nawa katako zai yi kafin ya ruɓe?

Tambaya: Malam, ina shirin rufin gidana a Kaduna, kafinta kuma ya ce katakon zai kai shekara 30. Shin akwai yadda ake gane haka tun kafin a ɗora shi, ko kuwa cika baki ne?

Amsa: Ana iya kintatawa, sai dai kintacen ba ya tsayawa a kan shekara guda, domin ba tsufa ne ke ruɓar da katako ba, wata irin funfuna ce da ba ta rayuwa sai da danshi, iska da ɗumi. Muddin ruwan da ke jikin katako bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ba za ta ci shi ba. Idan kuwa ya kai kashi 25 zuwa 30 ya kuma daɗe a haka, ta samu wurin zama. Shi ya sa masana ke tara kwanakin da katako ya yi a jiƙe cikin ɗumi maimakon ƙirga shekarunsa. Tun 1971 wani masani a Amurka, Theodore Scheffer, ya fitar da ma'aunin da ke haɗa zafin kowane wata da yawan kwanakin ruwan sama domin kintata saurin ruɓewar katakon da ke sarari, kuma a bisa wannan lissafi wanda ke Fatakwal zai riga na Kano lalacewa nesa ba kusa ba.

Sai irin itacen. A Turai ana kafa turaku a ƙasa a jira su ruɓe, a raba itatuwa aji biyar: na farko kan wuce shekara 25, na ƙarshe ba ya kai biyar. Iroko yana sama, obeche yana can ƙasa. Amma wannan daraja ta tsakiyar itace ce kawai. Farin da ke kusa da ɓawo ba shi da ƙarko a kowane itace, kuma shi ake yawan cusa wa mai saye a kasuwa.

A ganina maganar kafintanka za ta tabbata idan katakon ya bushe kafin a ɗora shi, kwano bai yi yoyo ba, iska kuma tana ratsa cikin silin. Ka riƙa duba bakin katakon da ya shiga bango a ƙarshen kowace damina, ka soka masa ƙusa. Idan ta nutse ba wuya, ruɓa ta fara. A Kaduna ma gara na iya riga funfuna isa wurin, don haka a shafa wa katakon magani tun yana ƙasa.