Hannun jarin kamfanonin tsaron intanet: wanne za a riƙe?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne ya fi dacewa da ajiyar dogon lokaci tsakanin CrowdStrike, Palo Alto Networks da Fortinet.

Gasarsu yanzu ta tara kaya a rumfa ɗaya ce. Manyan kwastomomi sun gaji da sayen manhajojin tsaro barkatai, shi ya sa masu ƙarfi ke haɗiye ƙanana: Cisco ya sayi Splunk kan dala biliyan 28, a 2025 kuma Palo Alto ya sanar zai sayi CyberArk kan kusan biliyan 25. A ganina Microsoft ne babbar barazanarsu, domin yana haɗa manhajarsa ta tsaro, Defender, da lasisin da kamfanoni suka saba biya.

Inda mutane ke zamewa shi ne ganin kutse na ƙaruwa, sai su ɗauka riba tabbas ce, alhali sau da yawa farashin hannun jarin ya riga ya yi tsada. Ga kuma haɗarin aikin kansa: ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawar manhajar CrowdStrike ta tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage da dama suka kasa tashi.

Kafin ka zaɓi ɗaya, ka duba a kowane kamfani yawan kwastomomin da ke sabunta kwangila, da tsabar kuɗin da ke saura bayan ɗawainiya. Batun haraji da canjin dala kuwa, sai dillali mai lasisi.