Filin Tambaya da Amsa: Haɗa malt a gida ba tare da ya juye ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da zoɓo da kunun zaƙi a Garwa, ina so in ƙara da malt irin na kwalba, amma na dawa. Na gwada, ya fito da kauri kamar koko, babu zaƙi sai na sukarin da na zuba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Matsalar daga wuta take, amma bari mu fara daga tsiro. Ki samu dawa mai kyau, jigari ko masakwa, wadda ba ta shekara a rumbu ba. Kada ki kusanci irin shuka da aka yi wa magani. Ki wanke, ki jiƙa kwana ɗaya kina sauya ruwa sau uku, ki tsane, ki baza a kan buhu a inuwa, ki rufe da wani buhun mai laima. Safe da yamma ki yayyafa ruwa ki juya da hannu, don idan ta dunƙule zafi zai taru a tsakiya ta yi fumfuna, kuma wadda ta yi fumfuna sai zubarwa. A kwana 3 zuwa 4 saiwa za ta kai tsawon gaɓar yatsa. Ki shanya a rana har sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, sannan ki murje saiwar da tsiron duka ki sheƙe. Wannan murzar dole ce: ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da guba, ita ce take kashe dabbar da ta yi kiwo a sabon tohon dawa. Ki kai inji a ɓarza, kada a yi laushi kamar garin tuwo, zai ba ki wahala wajen tata.

Lokacin tsiro, ƙwayar tana samar da sinadarin da ke mayar da sitaci ya zama sukari. Sinadarin yana aiki sosai a zafin digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, yana mutuwa idan an kusa 80. Shi kuwa sitacin dawa ba ya nuna sai an haura digiri 70. Kin dafa komai tare, sitaci ya nuna, mai narkar da shi ya mutu, shi ya sa kika samu koko.

Sai a raba su. Ki dama kilo ɗaya na garin a ruwan sanyi lita 5, ki bar shi awa ɗaya ya kwanta. Ki tsiyaye lita 2 na ruwan saman ki ajiye gefe, a cikinsa sinadarin yake. Sauran ki ɗora a wuta kina juyawa da muciya har ya tafasa ya yi kauri, minti 15. Ki sauke, ki ci gaba da juyawa ya huce zuwa digiri 80, ki mayar da ruwan da kika ajiye. Haɗin zai sauka kusan 62. Cikin 'yan mintoci za ki ga kaurin ya saki. Ki rufe tukunyar, ki naɗe ta da bargo awa ɗaya da rabi. Ma'aunin zafi na girki ya fi yatsa gaskiya a nan, kuma ba shi da tsada.

Ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki tafasa ruwan minti 40 a buɗe. Za ki samu ƙasa da lita 4. Launin baƙi-baƙi kuwa, ki ƙona sukari giram 100 a busasshiyar tukunya har ya yi ruwan ƙasa mai duhu, ki zuba masa ludayi ɗaya na ruwan a hankali, domin yana fantsama, sannan ki haɗa.

Tambaya: Ɗan'uwana ya kawo mini gwangwanin zumar malt ta sha'ir daga Duwala. Yaya zan yi da ita, kuma me ke ba na kwalba ɗan ɗacin nan? Daga wani mai shago a Kusiri.

Amsa: Malam, an riga an yi maka duk wahalar da ke sama. Giram 150 a kowace lita ɗaya ta ruwa. Ka sauke tukunya daga wuta kafin ka zuba, ka juya har ta narke, in ba haka ba za ta kwanta a gindi ta ƙone. Ka tafasa minti 15, ka tsaya a kai, tana tasowa kamar madara. Ɗacin daga furen wata shuka yake mai suna hof, ta ƙasashen sanyi irin su Jamus. Shuwaka, wato ganyen ndole, tana maye gurbinta: ganye 3 wankakku a lita 4, a minti 10 na ƙarshe, ka tsame. Ka ɗanɗana kafin ka ƙara, ɗaci ba ya ciruwa.

Tambaya: Na zuba nawa a gorunan roba, washegari suka kumbura, da na buɗe ɗaya sai kumfa da wani wari. Ya halatta a sha? Daga wata uwargida a Marwa.

Amsa: Ki zubar, 'yar'uwa. Yis ne ya shiga, daga iska, ko mazurari, ko gorar da ba ta wanku ba. Yana cin sukarin yana fitar da abu biyu kusan daidai wa daida: iskar da ta kumbura gorar, da barasa. Har zuwa tafasa, hanyar da muka bayyana ita ce masu bilbil, wato giyar dawa, suke bi, abin da ya raba ku shi ne su suna zuba yis da gangan su bar shi ya kwana. A zafin watan Afrilu na Marwa, ruwa mai zaƙi ba ya buƙatar fiye da yini. Idan tsami kika ji, wasu ƙwayoyin ne irin masu tsamar da nono, kuma sau da yawa tare suke zuwa.

Ki yi amfani da kwalabe, ki tafasa su da murafunsu da mazurari minti 10. Ki matsa lemon tsami biyu a lita 4 kafin ki sauke, ki ɗura da zafinsa, ki rufe nan take. Ya huce, ya shiga firji, a shanye cikin kwana 3. Tafasar gida ba ta kashe komai, don haka kada ki jera shi a kanta kamar na kamfani. Idan wuta ta ɗauke ya kwana da ɗumi, kada ki sayar, kuma ki buɗe kwalbar da tawul a kanta, domin tana iya fashewa. Iskar da ke cikin na kamfani da inji ake tura ta. In kina son tartsatsin nan, ki rage ruwa wajen dafawa ya yi ƙarfi, ki sirka da ruwan soda mai sanyi a kofi lokacin sha.