Ga 'yar'uwar da maigidanta ya dawo daga fagen daga

Salamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce maigida ya ajiye kaki bayan zaman Borno, ba ya barci, ƙara kaɗan sai ya zabura, dangi kuma sun ce shafar aljanu ce. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don gidana kika siffanta.

Abban yarana ya yi aikin soja a rundunar Lafiya Dole mai yaƙi da Boko Haram, tun kafin a mayar da sunan Haɗin Kai a 2021. Da ya dawo Kano, ko a falo ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa a ƙofa. Ranar Hawan Daushe muka kai yara kallo Ƙofar Kudu. 'Yan bindigar sarki na sakin ta farko, sai ganinsa na yi kwance a ƙasa, ya danne autarmu da ƙirjinsa, gumi sharkaf. Kwana uku bai ce da kowa uffan ba.

Mun yi ruƙiyya, mun sha rubutu, addu'a kuwa har gobe. Abin da ke cin raina shi ne shekarar da muka ɓata kafin mu je asibiti. A sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano likita ya ce ciwo ne sananne, yana kama wanda ya ga tashin hankali. Jiki ya dawo gida, ƙwaƙwalwa ba ta yarda yaƙi ya ƙare ba. Aka ɗora shi kan magani da zaman tattaunawa. Maganin sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi kwatsam.

Don Allah kada ki ce masa "mu je Dawanau", wato asibitin masu taɓin hankali, zai ɗauka mahaukaci kika kira shi. Ni cewa na yi mu je a duba rashin barcin. Ashe ma jininsa ya hau, kunnen hagu kuma ƙarar bam ta taɓa shi. Abokinsa da suka yi daji tare ne ya raka shi, don maganarsa ta fi tawa shiga. Ku bincika rajistarsa ta DHML, inshorar lafiyar sojoji ce, har da 'yan fansho.

Ki sa ido kan tiramol da ƙwayoyin barcin da ake saya a kemis ba takarda. In kika ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya bi abokansa da suka rasu, ki kawar da duk wani makami, ki kira babban yayansa, ku tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.