Ba ATP ke juya wutsiyar bakteriya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzari a cikin ƙwayoyin halitta, ita ce ke juya wutsiyar bakteriya kamar yadda take motsa tsokarmu. A'a, kwararar furoton ce, wato haidurojin mai ɗauke da caji (H+).

Yayin numfashi, ƙwayar bakteriyar tana fitar da furoton ta tantaninta na ciki, sai ya taru a waje, a samu bambancin caji na kusan milibolt 150. Furoton na neman komawa ciki, ƙofarsa kuwa sunadarai (protein) ne iri biyu, MotA da MotB, a injin da ke gindin wutsiyar. MotB biyu suna kafe a bangon ƙwayar, MotA biyar sun kewaye su. Da furoton ya kama wani gurbi a jikin MotB mai suna Asp32, sai zoben MotA ya juya, ya tura sunadarin FliG da ke jikin babban zoben injin, tamkar ƙaramar giya mai juya babba. Nan ne ainihin aikin, sauran sassan isar da juyin kawai suke yi.

A bakteriyar E. coli irin waɗannan ƙofofi sukan kai 11, juyi ɗaya yana cin furoton kusan 1,200, kuma in babu nauyi injin yana yin juyi kusan 300 a daƙiƙa. Bakteriyar Vibrio alginolyticus kuwa sodiyam take amfani da shi maimakon furoton, tana kai juyi 1,700 a daƙiƙa.

Wajen sauya alkibla mutane ke rikicewa: kwararar furoton ba ta komawa baya. Wani sunadari mai suna CheY, mai ɗauke da fosfet, shi ne ke manne wa FliM, wani sunadari a jikin babban zoben, sai babban zoben ya sauya siffa, juyin ya koma ɗaya gefen.

In ka zuba CCCP, wani sinadari mai tsallakar da furoton ta tantani, furoton zai riƙa zurarewa ta tantanin, injin ya tsaya cak ko da akwai ATP.