Ina ake jin harshen Tagalog, a gida da ƙetare?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani asibiti a Jidda tare da ma'aikatan jinya 'yan ƙasar Filifin, kuma sun ce mini Tagalog suke yi a tsakaninsu. Shin harshen ƙasarsu ne baki ɗaya, kuma a ina ake jinsa bayan can?

Amsa: Malam, asalin Tagalog harshen ƙabila ɗaya ne, wadda ke zaune a tsakiya da kudancin tsibirin Luzon, wato birnin Manila da lardunan da ke kewaye da shi irin su Bulacan, Cavite, Laguna, Rizal da Batangas, sai tsibiran Marinduque da Mindoro. Waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na al'ummar ƙasar, wadda ƙidayar 2020 ta nuna ta kai mutum miliyan 109. Sauran suna da nasu harsunan fiye da 100, manya daga ciki su ne Cebuano a tsibiran Visayas da Mindanao, da Ilocano a arewacin Luzon.

Hukuma ce ta fitar da shi daga yankinsa. A 1937 shugaba Manuel Quezon ya ayyana shi a matsayin tushen harshen ƙasa, a 1959 aka raɗa wa harshen ƙasar suna Pilipino, sannan tsarin mulkin 1987 ya kira shi Filipino, ya kuma sanya shi harshen hukuma tare da Ingilishi. Makaranta da rediyo da talabijin na Manila suka ƙarasa aikin, ko da yake har gobe akwai masu jin Cebuano da ke ganin an fifita wani harshe a kan nasu, kuma a ganina ƙorafinsu yana da tushe.

A ƙetare kuwa, neman abinci ne ya kai shi. Tun daga 1974 gwamnatin Filifin ta tsara tura ma'aikata waje, shi ya sa ake jinsa a Saudiyya, Daular Larabawa, Katar da Kuwait, da cikin jiragen ruwan dakon kaya. A unguwar Batha ta Riyad da Satwa ta Dubai za ka iske shaguna da gidajen abincinsu. A Hong Kong, ranar Lahadi masu aikatau kan shimfiɗa kwalaye a tsakiyar birni su wuni suna cin abinci da hira. A Amurka sama da mutum miliyan ɗaya da rabi suna magana da shi a gida, musamman a Kalifoniya, haka kuma a biranen Kanada irin su Toronto da Winnipeg.

Abin da ya kamata ka lura da shi a asibitinku shi ne, ba lalle ba ne abokan aikinka su kasance 'yan ƙabilar Tagalog. Wata daga Cebu take, wani daga Ilocos, sai Tagalog ya haɗa su, kamar yadda Hausa ke haɗa baƙi mabambanta a zangon Kumasi. Idan ɗayansu ya kira gida a waya, kana iya jin ya koma wani harshe dabam. Makomar harshen ma ta bambanta daga wuri zuwa wuri: a ƙasashen Larabawa, inda ba a cika ba baƙo takardar zama ɗan ƙasa ba, ma'aikaci yana riƙe da harshensa domin ya san zai koma gida, amma a Amurka da Kanada yara da yawa suna fahimtar maganar iyayensu, sai dai da Ingilishi suke mayar da amsa.