Amsar Baba Malam kan neman asalin gida

(Waɗannan muryoyin Baba Malam ne da ya turo zaure jiya da daddare. Na rubuta su saboda masu ƙarancin data.)

Murya ta farko

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan zaure barkanmu da dare, da fatan an wuni lafiya. Na ji tambayar da 'yata ta turo tun da hantsi, sai yanzu na samu zama. Ga wanda bai saurara ba, cewa ta yi an gaya mata kakan mahaifinta daga ƙasar Damagaram ya taso ya zauna a wani ƙauye a arewacin Kano, ƙaninsa kuma ya bi fatake Gwanja sayen goro, bai dawo ba. Shi ne take tambaya ko akwai wani ofis, ko wani shafi a intanet, da za ta rubuta sunansu a fito mata da salsalarsu.

To 'yata, a gajarce dai babu. Abin da kike gani Turawa na yi, mutum ya danna sunan kakansa ya ga ranar haihuwarsa da ta aurensa, su coci-cocinsu da ma'aikatan ƙidayarsu sun daɗe suna rubuta sunan kowa. Mu nan dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Najeriya ta 1992 ce, jiya-jiya ke nan. Amma kada gwiwarki ta yi sanyi, takardu akwai su, da yawa ma. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba da sunan mutum aka jera su ba, da sunan gari da gunduma da sarauta aka jera su. Talaka ba ya shiga takarda sai haraji ya biyo ta kansa, ko ya je gaban alƙali, ko an kama ɗansa makarantar boko, ko ya shiga soja. Saboda haka wanda ya je gidan ajiye takardu da suna kawai, Audu ko Mamman, zai dawo hannu rabbana. Gari za ki je da shi, da zamani. Su kuma waɗannan biyun ba a gidan takardun Kaduna suke ba, suna ɗakin tsofaffin gidanku.

Ki fara da mata. Maza za su ba ki labarin sarauta da yaƙi, mata su ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka saka ta tafi da goyo. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ki lura da abu ɗaya: kakarki ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba kuma za ta faɗi na ɗanta na fari ba. Za ki ji tana cewa "Malam", ko "mai gidan nan", ko "yaron nan", alhali yaron nan ya yi furfura. Kada ki matsa mata, alkunya ce. Ki tashi ki je wurin ƙanwar mijin, wato gwaggon babanki in tana raye, ita za ta faɗa miki ba wata kwana-kwana. Kuma duk sunan da aka ba ki, ki tambaya na yanka ne ko laƙabi. Tanko, Ɗan'asabe, Dogo, Bawa, duk waɗannan mutum zai rayu ya mutu da su, amma a takardar alƙali ki tarar an rubuta Abubakar.

Kada ki ce wa tsohuwa wace shekara. Ki ce mata waye sarki lokacin. Ga ma'auni na ƙasar Kano, ki rubuta: Basasa tsakanin Tukur da Yusufawa daga 1893 ne zuwa 1895. Turawa sun ci Kano a 1903, zamanin Alu. Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi zuwa 1963. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniya 1956. In ta ce miki "ai an ce da yunwar nan suka zo, babanmu yana goye", to kin samu shekarar zuwansu da ta haihuwarsa a magana ɗaya.

Murya ta biyu

Yauwa, ta yanke, na ci gaba. In za ki je wurinsu ki riƙe ɗan goro ko turare, ki zauna a tabarma, ki nemi izini kafin ki kunna wayar ɗaukar murya. Kada ki yi musu tambayar ɗan sanda. Ki tambayi wa ya gaji gonar gabas, ina aka binne wane, wace sana'a aka tarar a gidan, su waye abokan wasanku. Wannan na ƙarshen mutane na raina shi. Gidan da ke wasa da Fulani, to a duba jinin Barebari. Gidan da ke wasa da Yarbawa, a duba Gobir. Haka zanen fuska: in akwai tsohon hoto, ki kai wa wanzamin gidanku, domin wanzanci gado ne, sau da yawa ubansa ko kakansa ne ya yi wa naku zanen, kuma zai gaya miki na wane yanki ne.

Sai ki nemi a buɗe miki adaka da gafaka. Gidan da aka yi malami, ki duba bangon ƙarshe na Alƙur'ani rubutun hannu ko na kundi. Malamai da yawa nan suke rubuta haihuwa da rasuwa, da ajami ko da Larabci, layi ɗaya ƙarƙashin ɗaya, tawada ta koɗe ta koma ja: an haifi wane ranar Talata, kaza ga watan Rajab. Shekarar ta Hijira ce, ki sani 1321 ita ta yi daidai da 1903, daga nan sai ki ƙirga. A cikin adakar kuma za ki iya cin karo da takardar haraji, da ta jangali, da ta sayen gona, da tsohon fasfo na aikin hajji. Don Allah kada a liƙa musu salatif, kada a kai a rufe su da leda mai zafi, kashe takarda ke nan. Ki shimfiɗa a inuwa ki ɗauki hoto, gaba da baya, ki mayar wa mai ita.

Daga gida sai ƙauyen. Mai unguwa, dagaci, liman, sannan gidan hakimi, kuma ki bi ta hannun wani babba namiji na gidanku, ya fi sauƙi. Baƙon da ya zo gari a wancan zamanin dagaci ne ke ba shi wurin zama da gona, don haka gidan dagaci kan san wa ya zo daga ina. Takardar da ta fi kowace amfani a wurina ita ce ta rabon gado. Alƙali ba ya raba gado sai an lissafa magada kaf, matan aure da 'ya'ya maza da mata, kowa da sunansa, muhuti, wato marubucin kotu, ya rubuta. Shafi ɗaya na irin wannan ya fi hirar wata guda. Matsalar ita ce da aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi a 1976, da sauye-sauyen kotuna, litattafan sun warwatsu, wasu gara ta ci. Amma ki tambaya a kotun yankin, ki kuma tambayi tsohuwar firamaren garin ko rajistarta ta farko tana nan, don a ciki ana rubuta sunan yaro da na ubansa. A nan ma ki yi hattara, yara da yawa sunan garinsu aka maƙala musu a makaranta, shi ya sa kike jin su Shagari da Tafawa Ɓalewa.

Murya ta uku

To yanzu sai manyan wurare. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa an kafa shi a 1954, Farfesa Kenneth Dike ne ya tsaya a kai, manyan rassansa uku: Ibadan, Inugu da Kaduna. Namu na Arewa na Kaduna ne. Fayilolin an raba su lardi-lardi, na Kano daban, na Sakkwato daban, na Zariya daban, sannan ga na sakatariyar Arewa gaba ɗaya. Abin da za ki nema shi ne rahoton da Di'o ke rubutawa in ya fita rangadin ƙiyasta haraji a gunduma. Yakan lissafa ƙauyuka, yawan masu biyan haraji, sana'o'insu, wa ya kafa garin, mutanensa daga ina suka zo. Akwai kuma littafin gunduma, mai ɗauke da jerin hakimai da dagatai. Ba lalle ki ga sunan kakanku ba, gaskiya ma da wuya. Amma kina iya ganin an rubuta cewa a shekara kaza gidaje kaza sun ƙauro daga ƙasar da Faransawa ke mulka sun zauna a ƙauye kaza, sai ki haɗa da maganar kakarki. Ki tafi da katin shaida da takardar gabatarwa, ki ware kwanaki, ki kuma girmama ma'aikatan ɗakin bincike, su suka san inda kowane ƙunshi yake. Sunan garin ki gwada shi ta rubutu iri-iri, don Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

Tunda kin shiga Kaduna, ki leƙa Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna ne, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai ta Waziri Junaidu. Sannan abin da mutane ke mantawa: sashen tarihi na jami'o'inmu, Bayero da Zariya da Sakkwato. Ɗalibai sun yi shekaru suna rubuta kundin kammala digiri a kan garuruwansu, sun yi hira da tsofaffin da yanzu duk sun rasu, kuma a ƙarshen kundin sukan jera sunayen waɗanda suka yi hira da su. Ni a ganina wannan ya fi miki saurin amfani a kan Kaduna ma. Ta intanet kuwa, babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke neman lalacewa, sun ɗauki wasu na Kaduna sun sa kyauta, kina iya dubawa daga ɗaki.

Ɓangaren Damagaram, Faransawa sun kama ta a 1899, ita ce ma hedikwatar Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. Mutane da yawa sun tsallako kudu saboda yunwa, da haraji, da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Gidan takardun ƙasa na Nijar yana Yamai, da Faransanci ne, sai da mai fassara, kuma Damagaram a can Zinder za ki nema, Tasawa kuma Tessaoua. Wasu takardun suna Dakar, wasu suna Faransa. Amma kafin duk wannan, in kin samu sunan ƙauyen da ya baro, ki nemi wani ɗan can a kasuwa ko a tasha ya haɗa ki da gidan mai garin. Kiran waya ɗaya na iya gama magana.

Shi kuma na Gwanja, kasuwar goron Salaga ce, a arewacin Gana. Yaƙin basasar da aka yi can a 1892 ya tarwatsa fatake, wasu suka yi Karachi ta bakin kogin Bolta, wasu Kumasi, wasu har Ankara. Gana na da gidajen takardu a Ankara da Kumasi da Tamale, amma ni da Sarkin Zango da limaman zango zan fara, don baƙo a can da sunan garinsu da na mai masaukinsa ake saninsa. Ki kuma sa a rai cewa a 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi, zuri'arsa na iya kasancewa sun dawo Najeriya tuntuni ba ku sani ba.

Murya ta huɗu

Saura magana ɗaya, kuma ba 'yata kaɗai nake yi wa ba. Kowane gida ka tambaya, daga Gabas suka zo, ko sharifai ne, ko jikokin sarki ne da aka hana gado. Wani gaskiya ne, wani kuwa ado ne aka yi wa labari. Ki rubuta yadda aka faɗa miki, da sunan wanda ya faɗa, amma kada ki ce tabbas sai kin ji daga baki biyu da ba su haɗu ba. Sannan ƙasar nan an yi bauta, ba a haramta ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma litattafan alƙalai na farkon zamanin Turawa cike suke da shari'ar fansa da 'yantawa. Mai tono zai iya tarar da kakansa a ciki, ko a matsayin ubangiji ko a matsayin bawa. Ba abin kunya ba ne ga kowa yau, amma akwai auren da irin wannan magana ta kashe. In kin ga haka, ki kai wa manyan gida tukuna, kada ki watso shi zaure. In tsohuwa ta ce a bar kaza cikin gashinta, ki bar ta, ki nemi wata hanyar.

Wani ya yi maganar gwajin jini da ake aikawa waje. Kuɗinka ne, amma abin da zai gaya maka shi ne kai mutumin Afirka ta Yamma ne, ba zai ba ka sunan kakanka ko ƙauyensu ba.

'Yata, ki turo min ta gefe sunan ƙauyen, da gundumar da yake ciki a da, ba ƙaramar hukumar yanzu ba, da sarkin da aka ce yana kan gado lokacin da suka zo. In na gani zan gaya miki lardin da za ki nema da wanda ya kamata ki fara gani. Ki gaida mahaifin naki. Sai da safenku.