Ga 'yar uwar da aka ce ɗanta ya gaji rashin ganewa daga wajenta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya ko da gaske basira daga uwa ake gadonta, tunda dangin mijinki sun ɗora miki laifin rashin ƙoƙarin yaronki a makaranta. Wallahi ina karantawa ƙwalla ta cika min ido, don ni ma na sha wannan ɗacin.

Nawa har aji uku bai iya haɗa baƙi ba. Ranar wani suna, tsakar gida cike da mata, yayar babansa ta ƙwanƙwasa masa kai da yatsa ta ce, "Ɗan kai kamar goriba, ina karatu zai shiga? Jinin gidan uwarsa ne." Yaron na ji. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Ba wadda ta ce mata kul, wasu ma dariya suka yi. Na faɗa wa uban, ya ce in yi haƙuri. Har yau in na ganta gabana faɗuwa yake.

Gado yana da hannu, ba a musu. Amma rabi daga uwa ne, rabi daga uba. Wani bincike na 2018 a kan mutum kusan 270,000 ya gano ƙwayoyin gado sama da 1,000 masu alaƙa da basira, da yawansu aikinsu gina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da haɗa su, kowacce da ɗan tasirinta ƙanƙani. To wacce a ciki suka gani a jikinki? Girman ƙwaƙwalwa ma alaƙarsa da basira mai rauni ce.

Mu daga baya hoton ƙwaƙwalwa na asibiti, wato MRI, ya nuna sikilar yarona ce ta toshe masa ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ba tare da wata alama ba. Sikila kuwa sai uwa da uba sun haɗu.

Don Allah ki kai naki yaron asibiti a duba jininsa, da ido da kunne. Kar ki bari a riƙa zaginsa a gabanki, ko waye. Ki riƙa amfani da gishiri mai aidin, sinadarin da ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata. In kuna kusa da wurin haƙar zinare, ki tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ya taɓa zazzaɓin da ya kai shi ga jijjiga? Ki faɗa wa likita wannan ma.

Ki kuma je ki ga malamin ajinsu da kanki, ki roƙa a dawo da shi bencin gaba. Allah Ya ba shi lafiya.